Darasin Iska Domin 'Ya'yanmu Na Sakandare



A tarurrukan ƙungiyoyinmu babu maganar da ta fi yawa kamar ta kuɗin mai. Tun da gwamnati ta janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, mai injin ban ruwa yakan zauna ya yi lissafi kafin ya ja igiya. Waɗansu sun rage faɗin lambunsu, waɗansu sun koma ga jigo da guga. A cikin wannan hali ne wani ɗan kasuwa ya zo wa ɗaya daga cikin ƙungiyoyinmu da hoton injin iska, ya ce zai ba su ruwa da wuta kyauta har abada. Saura kaɗan ma'aji ya ba da kuɗin da aka yi shekara uku ana tarawa. Da muka tambaya ko akwai wanda ya taɓa auna iskar ƙauyen, aka yi shiru. Shi ɗan kasuwan ma bai auna ba.

Wannan shi ya sa muka shirya darasin hutu domin yaranmu da ke makarantun sakandare. Sa'ad da muka faɗi niyyarmu, wani dattijo ya ce, "Malam, mun biya kuɗin makaranta da ƙyar, yanzu kuma 'yan iska za ku mai da mana su?" Aka yi dariya, amma tambayarsa tana da nauyi. Uba yana da iko ya san abin da za a koya wa ɗansa, da amfanin da zai kawo wa gida. Saboda haka muka rubuta darasin nan duka, domin kowace ƙungiya ta karanta shi a taronta, ta kuma iya gudanar da shi tare da malamin kimiyya na makarantar da ke kusa.

Malami da ɗalibi da suka riga mu

Akwai wani malamin makaranta a ƙasar Denmak mai suna Poul la Cour. Ya koyar a makarantar Askov, inda 'ya'yan manoma ke zuwa karatu. Ya ga birane suna samun lantarki, ƙauyuka kuwa suna cikin duhu, matasa suna ta gudu zuwa birni. Ƙasarsu ba ta da gawayin ƙasa kamar maƙwabtanta, amma tana da iska. A 1891 ya kafa injin iska mai ba da lantarki a makarantar, a 1904 kuma ya fara koya wa samarin karkara aikin lantarki. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi karatu a wurinsa, Johannes Juul, shi ne ya gina injin Gedser a 1957, mai fukafukai uku, wanda injunan zamanin nan suka ɗauko kamanninsa. A 2023 fiye da rabin lantarkin da Denmak ta samar daga iska ya fito.

Na biyu yaro ne a ƙasar Malawi, William Kamkwamba. Yunwar da aka yi a ƙasarsu a 2001 zuwa 2002 ta sa iyayensa, waɗanda manoman masara ne, suka kasa biyan kuɗin sakandare, ya dawo gida. Ya riƙa zuwa ɗan ƙaramin ɗakin karatu na garinsu, inda ya ga hoton injin iska a wani littafin kimiyya. Da tsohon keke, da danamonsa, da fankar tarakta, da bututun roba, da itatuwan turare, ya gina nasa injin yana da shekara 14, ya kunna fitila a ɗakinsa. Mutanen garin da suka ce ya haukace, su ne suka dawo suna kawo masa wayoyinsu caji.

Mukan fara da labarin mutanen nan biyu domin yara su ga cewa aikin daga makarantar ƙauye da bayan gida ya taso. Bayan wannan sai mu shiga darussa biyar. Kowane ɗaya yakan ɗauki yini guda, sai na biyu wanda yake bukatar shekara.

Darasi na ɗaya: Daga ina iska take?

A tambayi yara tukuna, kada a faɗa musu. Za su ba da amsoshi iri iri. Sa'an nan a kunna fitilar ƙwai, a yanka takarda kamar naɗin maciji, a rataye ta da zare a bisa bakin fitilar, nesa kaɗan domin kada ta kama wuta. Takardar za ta fara juyawa. Abin da ke juya ta shi ne iskar da ta yi zafi tana tashi sama, gama iska mai zafi ba ta kai mai sanyi nauyi ba. Inda mai zafi ta tashi kuwa, sai mai sanyi ta kwararo ta cika gurbin. Wannan kwararowar ita ce iskar da muke ji a jikinmu.

Abin da fitila ta yi a ɗaki, shi rana take yi a duniya. Ba ta gasa ko'ina daidai ba: tudu yakan yi zafi da sauri fiye da teku, fili fiye da kurmi. A ƙasarmu iskoki biyu ne manya. Ta hunturu tana zuwa daga arewa maso gabas, ta ratso Sahara, busasshiya mai ƙura. Ta damina tana zuwa daga kudu maso yamma, daga teku, da laima. Banda waɗannan akwai iskar hadari ta farkon damina, wadda takan taso daga gabas farat ɗaya ta kwashe rufin kwano. A sa yara su riƙe wannan ta uku da kyau, za mu komo kanta.

A nan ne za a bayyana musu abin da ake nufi da makamashi mai sabuntuwa. Fetur da kananzir da gawayin ƙasa kamar hatsin rumbu ne wanda ba a sake nomawa, kowane mudu da aka ɗiba ya tafi ke nan. Iska da hasken rana da ruwan kogi kuwa, abin da ka yi amfani da shi yau ba ya rage na gobe. Itacen girki yana tsakani: in ana dasawa yana sabuntuwa, in sara kaɗai ake yi zai ƙare.

A kuma tuna musu cewa iyayensu mata sun daɗe suna sa iska aiki. Mai sheƙar hatsi ta san gefen da za ta tsaya, ta san lokacin da iska ta yi kaɗan har ƙaiƙayi ba ya tafiya, da lokacin da ta yi yawa har tana kwashe tsaba. A gayyaci uwa ɗaya ta zo ta yi wa ajin bayani.

Darasi na biyu: Auna iska

Wannan ne darasin da ya fi muhimmanci ga ƙungiya, kuma ba ya cin kuɗi. Ana auna gudun iska da mita nawa take ci cikin daƙiƙa ɗaya. Hanya ta fari da ido ce, bisa ma'aunin da wani hafsan jirgin ruwa na Ingila, Francis Beaufort, ya tsara a 1805, aka kuma daidaita shi daga baya domin amfanin mutanen tudu.

In hayaƙi yana miƙewa sama sak, babu iska.
In kana jin ta a fuska, ganye yana ɗan motsi, wajen mita 2 zuwa 3 ne.
In ganye da ƙananan rassa ba su daina motsi ba, tuta kuma ta miƙe, wajen mita 4 zuwa 5 ne.
In ƙura da takardu suna tashi daga ƙasa, wajen mita 6 zuwa 7 ne.
In ƙananan itatuwa suna rangaji gaba ɗaya, ta kai mita 8 zuwa 10.

Hanya ta biyu ita ce yara su ƙera ma'auni da kansu. A samo ƙananan ludayi huɗu masu girma ɗaya, ko gwangwanayen tumatir huɗu. A gicciye sanduna biyu marasa nauyi, a ɗaura gwangwani a kowane baki, dukansu suna duban gefe guda kamar masu bin juna a da'ira. A kafa tsakiyar a kan cibiyar ƙafar tsohon keke domin ta juya da sauƙi. A shafa wa gwangwani ɗaya jan fenti, a riƙa ƙirga sau nawa ja ya wuce cikin minti ɗaya.

Sauran a san abin da ƙirgen yake nufi. Da sassafe ran da babu iska, babba ya tuƙa babur a hankali a miƙaƙƙiyar hanya marar motoci, wani babba yana baya riƙe da ma'aunin sama da kansa yana ƙirga. Tafiyar kilomita 11 a awa daidai take da iskar mita 3, kilomita 18 a awa kuma daidai da mita 5. A rubuta juyi nawa aka samu a kowane gudu. Daga nan ma'aunin ya zama abin dogara gwargwado.

A kafa shi a kan doguwar sanda a fili, nesa da itatuwa da gidaje, a wurin da ake tunanin kafa inji. A sayi littafin rubutu ɗaya, a raba yara ƙungiya ƙungiya, a riƙa rubutawa sau uku a yini: da safe, da tsakar rana, da yamma. Za a yi haka shekara guda cur. Mun san wannan zai yi wa waɗansu tsawo, amma mutum yakan tuna ranar da iska ta cire masa hula, ya manta da kwana ashirin da ganye bai motsa ba. Littafin ba ya mantuwa. Abin da za a fi dubawa a ciki shi ne watannin ban ruwa, daga Disamba zuwa Afrilu, gama iskar da ta zo lokacin da sama ke ba da ruwa ba ta da amfani sosai ga mai lambu.

Darasi na uku: Lissafin ƙarfin iska

Iska tana da nauyi. In ka ɗauki akwati mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya, zurfin mita ɗaya, iskar da ke ciki ta kai wajen kilo 1.2. Abu mai nauyi in yana gudu yana da ƙarfi. Ana auna ƙarfin nan da wat, irin wanda ake rubutawa a jikin ƙwan lantarki.

Ga yadda ake lissafin. A ɗauki rabin nauyin nan, watau 0.6. A ninka shi da faɗin da'irar da fukafukai ke sharewa. Sa'an nan a ninka da gudun iska har sau uku, watau gudu sau gudu sau gudu.

Bari mu ɗauki inji wanda kowane fiffikensa mita ɗaya ne. Faɗin da'irarsa murabba'in mita 3.14 ne. In iska tana gudun mita 3, ƙarfin da ke ratsa da'irar wat 51 ne. In ta kai mita 5, wat 235 ne. In ta kai mita 6, wat 407 ne. A bar yara su yi lissafin da hannunsu, sa'an nan a tambaye su abin da suka lura. Daga mita 3 zuwa 6 gudun ya ninka sau biyu kawai, ƙarfin kuwa ya ninka sau takwas. Wannan ita ce babbar ƙa'idar aikin iska. Ita ce dalilin da inji ɗaya zai yi aiki sosai a kan tudu, a kai shi kwari mil biyu kacal ya zama kayan ado. Haka nan in an ninka tsawon fiffike sau biyu, ƙarfin yakan ninka sau huɗu.

Amma inji ba ya iya kama ƙarfin nan duka, gama in ya tsai da iska sarai, ta bayanta ba za ta sami hanyar wucewa ba. Wani masani Bajamushe, Albert Betz, ya nuna wajen 1920 cewa iyakar abin da kowane inji zai iya kamawa kashi 59 ne cikin 100. Ƙaramin inji mai kyau yakan kama wajen sulusi. Ke nan injinmu zai ba da wajen wat 17 a iskar mita 3, wat 78 a mita 5, wat 136 a mita 6. Duk mai tallan da ya yi alkawarin abin da ya wuce lissafin nan nesa, yaron da ya yi darasin nan zai iya kama shi da fensir.

Yanzu a mai da lissafin ruwa, gama shi ne abin da ya dame mu. Ɗaga lita ɗaya ta ruwa sama mita 10 cikin daƙiƙa ɗaya yana bukatar wajen wat 100. Famfo da sandunansa sukan cinye wajen rabin ƙarfin da fukafukai suka kama. Saboda haka a iskar mita 5 za a sami wajen wat 40 na ainihin aiki, watau lita 1,400 da ɗoriya a awa daga rijiya mai zurfin mita 10. Duro bakwai ke nan masu cin lita 200. A iskar mita 3 kuwa wajen duro ɗaya da rabi ne a awa. In zurfin ruwan mita 20 ne, a raba biyu.

Kayan lambu a tsakiyar rani sukan sha wajen lita 5 ko 6 a kowane murabba'in mita a yini, wani lokaci fiye. In iskar mita 5 ta yi awa shida tana busawa, ruwan zai ishi fili mai mita 40 tsawo, 40 faɗi. In ta mita 3 ce, fili mai mita 18 kowane gefe ne kawai. Da wannan lissafi da littafin awo, ƙungiya za ta san tun kafin ta kashe kwabo ko injin zai biya kuɗinsa.

Darasi na huɗu: Ƙera ɗan inji

Gani ya kori ji. A fara da farfelar kara da takarda wadda kowane yaro ya iya yi. Kowace ƙungiyar yara ta yi tata: wata mai fukafukai biyu, wata uku, wata takwas, wata a karkace su sosai, wata kaɗan. A ɗaura zare a jikin sandar da ke juyawa, a rataye ɗan gwangwani da tsakuwa a ciki, a ga wadda za ta fi ɗaga nauyi, da wadda za ta fi gudu. Za su gane da kansu cewa mai fukafukai da yawa tana tashi da ƙaramar iska, tana da ƙarfin ja, amma ba ta da sauri. Mai biyu ko uku tana da wuyar tashi, amma in ta tashi tana gudu ƙwarai. Shi ya sa injin jan ruwa yake da fukafukai da yawa, irin wanda manoman Amurka suka yi ta kafawa tun bayan da Daniel Halladay ya ƙera nasa a 1854, na lantarki kuwa uku ne.

Sa'an nan a kawo danamon keke a buɗe shi. A ciki akwai maganaɗisu da naɗin wayar tagulla. In maganaɗisu ya juya kusa da wayar sai lantarki ya gudana, abin da Michael Faraday ya gano a Ingila a 1831. A madatsar Kainji ruwa ne ke juya shi, a janaretan kasuwa fetur ne, a injin iska kuwa iska ce. Danamon keke yana ba da wat 3 ne kawai, amma ya isa ya kunna ƙananan ƙwayayen fitilar zamani marasa cin wuta.

Domin inji na gwaji, a nemi gaban tsohon keke da ƙafarsa, a yanka fukafukai daga bututun roba mai kauri, a ɗaura su a jikin ƙafar, a jingina danamo da tayar, a sa wutsiyar kwano a baya domin ta riƙa juya fuskar injin wajen iska. A roƙi mai gyaran keke da mai walda na gari su zo su taimaka, a kuma biya su ladansu. Akwai wani iri kuma da ake yi da duro a tsaga shi biyu a tsaye, a goce rabi da rabi. Sigurd Savonius na ƙasar Finlan ne ya fito da shi wajen 1925. Ba ya bukatar wutsiya, gama ta ko'ina iska ta zo yana juyawa, sai dai abin da yake kamawa kaɗan ne. Waɗansu sukan so su sa abin cajin batirin mota, amma shi yana bukatar juyi mai sauri ƙwarai wanda fukafukai ba su kai shi sai an ƙara masa giya ko bel.

A nan za mu faɗi kuskurenmu domin kada ku maimaita. Injinmu na fari ya yi ta juyawa lafiya dukan hunturu, yara suna alfahari da shi. Ba mu sa masa birki ba, ba mu kuma yi masa hanyar kau da fuska daga iska ba. Hadarin fari na damina ya zo da dare. Da safe muka tsinci fiffike ɗaya a cikin garken awakin maƙwabci, ya huda danga. Allah ya kiyaye bai sami mutum ko dabba ba. Mu da muka koya wa yara cewa ninkin gudu yana kawo ninki takwas na ƙarfi, mu ne muka manta da shi a aikace. Tun daga nan muka kafa dokoki. Kowane inji sai da birki ko igiyar naɗe wutsiya. A sauke injin gwaji kafin hadarin fari. Yaro ba ya hawa hasumiya, injin za a kwantar a gyara shi a ƙasa. Kada a kafa shi kusa da ɗakin kwana ko wayar lantarki, kada kowa ya tsaya gindinsa in ana tsawa. Batir kuma babba ne zai riƙa taɓa shi, gama ruwansa yana ƙuna, darmar da ke ciki kuwa dafi ce, kada a fasa tsohon batir a cikin gida.

In ƙungiya za ta kafa inji na gaske, ƙa'idar masu aikin ita ce fukafukai su ɗara kowane itace ko gini da ke kusa da wajen mita 9, gama iskar ƙasa ƙasa rarrauna ce, mai juye-juye.

Darasi na biyar: Gwada iska da 'yan'uwanta

Ba mu so yara su tashi da tunanin cewa iska ce maganin kome. A ranar ƙarshe a jera hanyoyin duka a allo.

Rana: da tsakar rana mai haske, kowane murabba'in mita yana samun wajen wat 1,000, farantin sola na zamani kuwa yana mai da wajen kashi ɗaya cikin biyar lantarki, watau wat 200. A sa yara su gwada wannan da wat 17 na injinmu a iskar mita 3. Kuɗin farantin ya faɗi ƙwarai tsakanin 2010 da 2020, ba shi da abin da ke juyawa balle ya lalace, sai dai a riƙa share masa ƙurar hunturu, a kuma tsare shi daga ɓarayi. Gaskiyar da za mu faɗa ita ce, a ƙauyuka da yawa na ƙasarmu rana za ta fi iska biyan bukata. In littafin awo ya nuna haka, darasin bai faɗi ba, ya ceci kuɗin ƙungiya ne.

Ruwa: madatsar Kainji ta fara aiki a 1968, a kan dutsen Jos kuma ana samun lantarki daga gangaren ruwan Kurra tun wajen 1930. Wannan sai inda akwai ruwa mai gangara wanda ba ya ƙafewa.

Kashin shanu: in an tara shi da ruwa a rufaffen rami yana fid da iskar gas mai kama wuta domin girki, abin da ya rage kuma taki ne mai kyau. Yana bukatar shanu a turke da ruwa kullum.

Iska: ta fi kyau a kan tudu da buɗaɗɗen fili, kamar waɗansu wurare a dutsen Jos da ƙasashen Katsina da Sakkwato. Tana iya busawa da dare sa'ad da sola ke barci. Injin jan ruwa kuma maƙeri da mai walda na gari suna iya gyara shi, in an riƙa sa masa giris, ana sauya fatar famfo a kan kari. Tilas a haɗa shi da tanki, domin ruwan ranar iska ya kai ranar da babu.

A ba su labarin manyan gonakin iska na Afirka. A Kenya, kusa da tafkin Turkana, an buɗe mai injuna 365 a 2019, mai ƙarfin megawat 310. A Senegal, a Taiba Ndiaye, akwai mai injuna 46 da aka buɗe a 2020. A ƙasarmu an tsara mai injuna 37, megawat 10, a Lambar Rimi ta jihar Katsina. An faro maganarta tun 2005, aikin kuwa ya ɗauki fiye da shekara goma bai kammala ba. Abin koyo a nan shi ne, sayen inji somin taɓi ne. Sai da mutanen da suka san shi, suna zaune kusa da shi, suna da kayan gyara. Waɗannan mutane kuwa daga cikin yaran nan za su fito.

Abin da ƙungiya za ta yi

A zaɓi mutum biyu, namiji da mace, su je su ga shugaban makaranta da malamin kimiyya. In makarantar tana da ƙungiyar matasa manoma, a bi ta wurinta. A sa 'yan mata daidai da samari, gama su ne suka fi sanin wahalar ɗiban ruwa da neman itace, a ajinmu kuma su ne suka fi kula da littafin awo. Kayan da ake bukata su ne littafin rubutu, tsohon keke da danamonsa, bututun roba, gwangwanaye, zare da ɗan fenti. Bayan shekara, a ba yaran lokaci a babban taron ƙungiya su karanta abin da suka samu, su yi lissafin a gaban iyayensu, su ba da shawara. Kada a sayi injin iska ko na sola da kuɗin ƙungiya sai an ji wannan rahoto.

Dattijon nan da ya yi mana tambaya, jikarsa ce take riƙe da littafin awo na ƙauyensu. Ya ce mana yanzu in ya fito da safe yakan dubi ganyen darbejiya ya faɗi lambarsa, ita kuma ta je ta ƙirga ta ga ko ya yi daidai.

Tambayoyi domin tattaunawa a taro

1. Nawa kowane ɗan ƙungiya ya kashe a kan man injin ban ruwa a ranin da ya wuce? A tara jimlar.
2. Wane wuri ne ya fi iska a ƙasar ƙauyenku? Yana kusa da rijiya ko fadama?
3. Mita nawa ne zurfin ruwan rijiyarku a watan Afrilu?
4. In injin ƙungiya ya lalace, wa zai gyara shi, daga ina kuma za a samo kayan gyara?
5. Yara nawa ne na 'yan ƙungiya suke sakandare, wa zai tattara su a hutu mai zuwa?

Ƙungiyar da ta fara awo, muna roƙo ta riƙa aiko mana da abin da ta rubuta kowane wata uku ta hannun malamin gona na yankinku, domin mu haɗa na ƙauyuka dabam dabam mu buga a nan kowa ya gani. Allah ya ba mu rani mai albarka.